Baƙin Ɗakin Inna

Duk lokacin da na ji ƙamshin ɗanyen katako da ruwan sama ya jiƙa, sai in tuna zamanin da babu yaron da ya kai ni Turanci, tun daga kasuwar Katako har ƙarshen Titin Bauchi a garinmu Jos. Kada ka yi dariya. Ina aji biyar a firamare, amma in na buɗe baki, Turawan unguwar Rayfield da kansu sai sun nemi ƙamus. Babana yana sayar da katako, ni kuwa ina gefensa ina zuba wa masu saye Turanci kyauta, ko sun nema ko ba su nema ba.

A shekarar ne Inna ta haihu. Kafin nan ta binne uku a bayana, babu wanda ya kai yaye. Don haka tun ranar da aka yanke cibi, Kaka, uwar babana, ta kafa doka: ba mai cewa "shi", ba mai cewa "ita". Abin da ke ɗauke mana 'ya'ya, in ji ta, yana laɓe yana saurare. In bai san abin da aka haifa ba, bai san abin da zai ɗauka ba. Sai dai a ce "su". Sun tashi, sun sha nono, sun yi barci. Ranar suna liman ya yi ta faɗa cewa wannan ba addini ba ne, amma da ya zo faɗin sunan sai ya rage murya. Ni kaina ba a gaya mini ba, wai bakina ya fi rariya yoyo. Matar maƙwabcinmu, Bayarabiya, ita kaɗai ba ta sha wahala ba, don da ma "shi" da "ita" duk ɗaya ne a Hausarta.

Damina ta yi tsakiya, irin tamu mai ƙanƙara da ke buga kwano kamar ana jifa, sai tari ya kama baƙin namu. Ƙirji na kuka kamar zarto a jiƙaƙƙen itace. Inna ta daina cin abinci, ƙafafunta ma suka daina ɗaukarta. Haka waɗancan ukun suka fara. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Babana ya tafi kudu lodin katako, sai Kaka ta goya su, ta ja ni asibiti in yi tafinta, don an ce sabon likitan ɗan Indiya ne, ba ya jin Hausa.

Tambayarsa ta farko: namiji ne ko mace? Kaka ba ta jin Turanci, amma ta gane tambayar, ta mintsine ni a cinya. To, kalma uku malaminmu ya koya mana na kiran mutum ɗaya: ta namiji, ta mace, sai wadda ake kiran akuya da tebur. Biyu an hana ni, ta ukun kuwa ba zan ɗora wa jinina ba. Sai na ɗauko ta mutane da yawa. Likita ya leƙa bayan Kaka yana neman ɗayan tagwayen. Da bai gani ba, ya miƙa hannu zai kwance zanen.

Kaka ta ja baya, ta miƙe. "Tashi mu tafi, ɗan nan. Ba za a buɗe su ba."

Na san in muka fita ƙofar nan, waɗanda Inna ta binne sun zama huɗu.

Nan fa na tsaya na yi jawabin da har yau asibitin nan bai ji irinsa ba. Na bayyana masa ukun da ke maƙabarta, da dokar Kaka, komai dalla-dalla. Likita ya cire tabarau. Ya nuna wa Kaka da hannu: iya ƙirji kawai, daga cibi zuwa ƙasa ba ruwansa. Ya ɗumama abin sauraren ƙirji a tafinsa, ya zura ta wuyan riga. Allurar ma Kaka ce ta zaɓi inda za a buɗe. Har muka fito, da "su" ɗin nan shi ma yake magana.

Tari ya lafa kafin a ɗauke ruwa. Kaka dai ba ta ga yaye ba. Ta rasu ba ta taɓa ce wa jikarta "ita" ba, ko sau ɗaya.

Yau ciki na wata biyar an riga an yi hoto, an sanar wa duniya, har an sayi kaya masu launi. Kwanan baya kuma ɗana ya ce mini Turawa suna can suna gardama a kan kiran mutum ɗaya da kalmar mutane da yawa. Na tafi gidan ƙanwar tawa, na same ta tana tankaɗe da jika a baya, na ce a shaida, ni na fara wannan a Jos, kuma da shi na ceci ranta.

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yaya, Kaka fa ta ba Inna labarin duka. Kalma biyu ka yi ka fashe da kuka, majina har haɓa. Yatsu uku ta ɗaga wa likitan, ta nuna masa ƙasa."