Hajjo da Gurbin Matan Adar

In kun ji ana cewa Hajjo mai daddawa tana da murya, ku ce ni Rahmatu na ce ƙarya ne. Ni na tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita a sahun bege tun ina amarya har na yi jikoki, kunnena na hagu shi ya sha wahalarta. Murya ce mai kauri, mai gargada, in ta ɗaga ta sai kajin gidan malamarmu Modibbo su watse. Amma fa ba ta taɓa tuntuɓe a baiti ba. Ba ta shiga kafin lokaci, ba ta makara. Duk wadda ta ɓace a cikinmu, muryar Hajjo take lalube ta dawo hanya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

'Yar Dundaye ce, ɗiyar manoman gero. Aure ya kawo ta birnin Sakkwato, gidan Muntari majemi, nan bayan Hubbare. Shi yana jimar fata, ita tana dafa kalwa, to ku ƙiyasta warin gidan. Mukan tsokane ta cewa ko makaho ya san Hajjo ta shigo sahu, ita kuma ta ce ai miyarmu ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta haihu da yawa, ƙasa ta karɓe. Ɗiyarta ta fari kaɗai Allah ya bar mata, Sadiyatu.

Ku 'yan yanzu ba ku ga taron ba, ragowarsa kuka tarar. A da, in watan Mauludi ya kama, mata kan zo ziyara Hubbare ayari-ayari daga ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa daidai. In sun gama ziyara sai a taru a babban tsakar gidan Modibbo Zulaihatu, tsohuwar malamar da ta koya mana karatu da bege. Kowane ayari ya tashi ya yabi Manzo da harshensa. Ga Nufawa, ga Fulanin Adamawa da siririyar muryarsu, ga Barebari, ga Zabarmawa, ga Buzayen Azbin, ga matan Ilori, har na Gwanja da kan biyo fataken goro. Ba ganga, ba kalangu, baki ne kawai da ƙirji. Ba ka jin abin da suke cewa, amma da sun ambaci sunan Manzo sai ka ga tsakar gidan duka ta sunkuya. Kai, duniya ta yi daɗi a lokacin.

Akwai kuma wata al'ada da muka gada. Kowane ayarin baƙi yana da abokan amshi a cikin unguwannin gari. Waƙa guda ce kakanni suka raba biyu: masu gida su yi tambaya, baƙi su ba da amsa, ana fuskantar juna. Mu matan bayan Hubbare, namu abokan su ne matan Adar, can arewa. Kowa ya san rabin ɗan'uwansa, ai kunne ba ya da marfi, amma ba ka sa shi a bakinka, ko kana daka kai kaɗai. In baƙinku ba su zo ba, ku yi naku rabin, ku yi shiru daidai tsawon nasu, sannan ku ci gaba. Sai an tabbata babu sauran mai zuwa daga cikinsu har abada ake ɗaukar amshinsu. Wannan ita ce ta'aziyyarsu. Kuma ba a ɗauka sai duk wadda ke cikin sahu ta yarda.

Sadiyatu ta tashi da muryar da uwarta ba ta samu ba. Wani mai kanwa, Siddiƙu, ya rako uwarsa taro daga Adar, ya ji ta, ita ma ta gan shi, shi ke nan. Ba wanda ya tilasta wa kowa. Aka ɗaura aure, ta bi su, shekara na zagayowa sai ga ta a sahun matan Adar, a gaba, ita ke ja musu.

To kun san kunyar ɗan fari. Hajjo ba ta kiran sunan Sadiyatu, ba ta zama hira da ita, in yarinyar ta gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya. Ni nake karɓar tsarabar, ni nake kai mata daddawar da uwar ta ware mata tun kaka. Wuri guda ne kawai Hajjo ke iya kallon ɗiyarta ido cikin ido ba mai cewa ta yi rashin kunya: a cikin waƙar nan. Ita ta tambaya, yarinyar ta amsa. Duk maganar da ke tsakaninsu ta shekara guda, a nan suke yin ta. Ina jin kafaɗarta tana rawa a jikin tawa, in mun gama ta ce wai zazzaɓi ne.

Sai Nasara suka zo suka ci gari. Wasu suka yi gabas ba su dawo ba. Muntari bai daɗe ba ya rasu. Aka ce wai an ja layi, Adar ta zama ta Faransi, mu na Ingilishi. Hajjo ta ce a kai ta ta ga layin da idonta, ko da toka aka ja shi. Hanya ta yi wuya, ana tare mutane, ana kwashe maza aikin dole. Ayarori suka soma raguwa. Na Gwanja suka daina zuwa, na Azbin sai jefi-jefi. Amma matan Adar ba su fasa ba, suna bin daji suna zuwa, ko da kaɗan ne, kuma kullum Sadiyatu na gabansu.

Sannan damina ta ƙi, aka yi yunwar nan da ba na son tunawa. Mutanen arewa suka riƙa kwararowa birni kamar fara, fata da ƙashi. A wannan shekarar Mauludi ya zo, muka tsaya a wurinmu, gabanmu ba kowa sai tabarmin da muka shimfiɗa musu. Modibbo ta ɗaga hannu, muka ja:

"Su wa ke tafe, ƙaya ta cinye sawu?"

Muka yi shiru. Ban taɓa sanin amshin nan yana da tsawo haka ba. Kana jin tarin tsofaffi, kana jin kukan jariri a bayan wata Banufiya. Hajjo ta kafe idonta a ƙofar zaure. Haka muka yi har ƙarshen waƙar, tambaya da shiru, tambaya da shiru.

Aka ce yunwa ce, baɗi za su zo. Baɗi ta zo, ba su zo ba. Wata ma ta zo ta wuce.

Hajjo ta mai da tallar daddawarta bakin zangon fatake. Duk ayarin raƙuma ko na jakai da ya sauka daga arewa, tana nan. Kuma ga abin haushi, ba ta iya faɗin sunan wadda take nema, ba ta iya faɗin na surukinta. Sai ta ce, "Malam, ko ka san wani mai kanwa, dogo, matatai 'yar Sakkwato ta, mai waƙa?" Masu kanwa dogaye nawa ne a Adar, don Allah? Ni nake binta in faɗi sunayen. Wani ya ce garin ya watse. Wani ya ce ya ji sun yi yamma. Wani ya karɓi daddawa kyauta ya shirga mata ƙaryar cewa ya gan su lafiya lau, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Sau ɗaya ta ɗaura ƙunshi ta kama hanya da ƙafa, masu itace suka maido ta bisa jaki, zazzaɓi ya kayar da ita tun ba ta yi nisa da gulbi ba.

Cikin sahunmu kuwa aka fara gajiya. Gaskiya waƙa mai ramuka ba ta da daɗin yi. Baƙi na kallonmu da tausayi, yaran da muke koya wa ba su taɓa jin ɗaya rabin ba. Wata rana bayan karatu Modibbo ta tsai da mu.

"Hajjo," ta ce, "shekaru sun tahi. Mata sun yi magana. Ko mu ɗauki amshin ga, mu yi musu addu'a, su huta mu huta?"

Hajjo ta durƙusa. "Allah shi gafarta Modibbo, wa yag ga gawa? Wa yaz zo yac ce muna sun ƙare? In munka ɗauka, sannan sunka shigo, mi za mu ce musu? Ni ban yarda ba."

Modibbo ta bar maganar, don al'ada na bayan Hajjo. Amma wata Jummai, mai bakin da ba ya rufuwa, ta ce a bayanmu, yadda kowa zai ji, "Ɗiya dai ta samu wuri ta manta da uwa, a bar wahal da mutane." Wallahi da ba a gidan malama muke ba, da na cusa mata kallabinta a baki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maganar nan ta shiga Hajjo fiye da yunwa. Da muka koma gida ta zauna gaban tukunyar kalwa, wuta ta mutu ba ta lura ba. Can ta ce, "Rahmatu, ko dai gaskiya ta? Ban taɓa zaunar da ita na ce mata komi ba. Ko ta ɗauka ban damu da ita ba?" Na ce ta daina wannan zance. Ta ce, "In tana da rai, to ta yashe ni. In ba ta yashe ni ba, to ba ta da rai. Wanne zan roƙa?" Na tashi na hura mata wutar.

Haka ta ci gaba, kowace shekara ita ke shimfiɗa tabarmin matan Adar da hannunta, ita ke naɗe su. Ta rame, gashinta ya yi fari fat, muryar dai tana nan da kaurinta.

Shekarar ƙarshe da ta tsaya a sahu, taron ya ɗan farfaɗo. Hatsi ya samu, Nufawa sun zo da yawa, Zabarmawa ma haka. Bayan la'asar aka zo kanmu. Mun miƙe ke nan sai wata mata ta shigo ta zaure, siririya, da sanda, zanenta duk faci. Ta ratsa mutane ta je ta tsaya a kan tabarmar matan Adar. Sai da na ƙura ido na gane ta. Iyatu ce, wadda kan tsaya a bayan Sadiyatu, mace mai jiki a da.

Hajjo ta damƙe hannuna har na ji ƙashi. "Sun taho!" ta ce. "Rahmatu, sun taho! Sauran na baya, ƙila suna alwala." Fuskarta ta koma ta yarinya. Ni ma, Allah ya sani, na yarda.

Modibbo ta ɗaga hannu. Muka ja tambayar da ƙarfin da muka daɗe ba mu yi ba, muryar Hajjo ta danne ta kowa. Muka tsaya.

Iyatu ba ta buɗe baki ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sauka daga tabarmar, ta tako tsakar gidan a hankali tana dogara sandarta, ta zo ta shiga sahunmu, ta tsaya a gefen Hajjo, ta juya tana fuskantar wurin da ta baro.

Babu wadda ba ta gane ba, har baƙin da ba sa jin Hausa. Wata tsohuwa cikin Fulanin Adamawa ta fara salati a hankali. Hannun Hajjo ya saki nawa.

Ba wanda ya ce mata ta yi. Modibbo ma kanta na ƙasa. Hajjo ta ja numfashi, ta buɗe baki, ta ɗauki amshin matan Adar, ita kaɗai, da muryar nan tata mai gargada:

"Mu ne, bege ya hana mu zama."

Wayyo Allah. Mu muka yi tambaya muna kuka, ita tana amsawa, baiti bayan baiti, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ba ta taɓa sawa a bakinta ba tun da aka haife ta. Idonta a bushe. Jummai ce ma ta fi kowa kururuwa, munafuka.

Da aka watse muka zauna mu uku a gindin bango. Na kawo wa Iyatu fura, ta kasa sha. Hajjo ba ta tambaye ta komai ba, Iyatun ce ta fara da kanta.

"Yaya, ki gafarce ni. Na yi jinya a ƙauyen mutane, na koma gida na tarar ba kowa. Kowace shekara ina cewa in zo in gaya miki, ƙafata ta ƙi."

Hajjo ta gyaɗa kai.

"Shekarar yunwa munka taso, dukkanmu da munka rage. Siddiƙu ya riga ya rasu. Mun ce a bari sai baɗi, ba mu da guzuri. Ita tac ce a'a, Inna za ta yi tambaya ba mai amsa mata. Muna tahiya muna raguwa. Mun wuce Gwadabawa ƙafafunta sunka kumbura, ta ce mu aje ta gindin wata tsamiya ta huta. Nan ta cika, Yaya. Mutanen wurin sun yi mata sutura. Ana gobe taro ne."

Na rufe bakina da zane. Daga can zuwa nan, mai ƙarfi in ya yi sammako ai a birni zai kwana.

Hajjo ta daɗe tana kallon tabarmin da ba a naɗe ba tukuna. Sannan ta juyo gare ni, hawayen da ta riƙe shekara da shekaru suka zubo, amma wallahi kamar murmushi take.

"Kin ji, Rahmatu?" ta ce. "Ashe ta taho."