Indiyar da Babu Ita a Taswirata

Edita, har gobe ina jin haushin mazan nan masu digiri da suka ci tuwona suka yi mini dariya. Maigidana yana cikinsu. Shi na yafe masa, zaman aure ya gaji haka. Sauran kuwa ban ce Allah ya isa ba, amma ban manta ba.

Ni mace ce da ban riƙe fensir ba sai da na haura talatin, a ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana. Baki kuwa tun ina yarinya nake da shi, abin da ke cikina shi ke kan harshena. Da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta shiga tura ma'aikata kwas ƙasar waje kamar ana rabon goro, aka turo maigidan Landan, ya taho da ni da yara biyu. Aka ba mu gida a Thamesmead, unguwar da komai siminti ne, sama da ƙasa, sai ka hau bas ka yi ta tafiya kafin ka ga gari. Zaman ɗaka ya ishe ni, na shiga ajin manya da ƙaramar hukumar unguwar ke yi da rana. Bayan na ɗan kama Turanci, na zaɓi darasin tarihin siyasar Indiya da sauran duniya, don a tunanina na san Indiya tun daga finafinan da ƙannena ke ba mu labari in sun dawo silima. Malaminmu wani dattijon Ba'indiye ne da aka koro su daga Yuganda. Ranar da ya koya mana yadda aka raba Indiya biyu, maƙwabci ya yanka maƙwabci, ban ci abinci ba, don mu ma ba mu daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba. Karatun ya shiga raina sosai. Na haddace taswirar Indiya, gabas da yamma, kudu da arewa, kaina ya fara girma.

Wadda ta sa karatun nan ya yiwu maƙwabciyata ce, wata nas mai aikin dare, baƙa wuluk, ta fi ni baƙi. Ita ke riƙe mini yara ranakun aji, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Maigidan ya riga ya kafa sharaɗi, ranar da aka rasa mai riƙe yara, ranar karatu ya ƙare. Wata rana na je ɗaukarsu, ina zuba mata abin da na koyo, sai na tambaye ta daga wace ƙasar Afirka take. Ta ce ita ba daga Afirka ta zo ba, 'yar Indiya ta Yamma ce. Na dubi fuskarta, na dubi gashinta, na tuna taswirata. Na ce mata yammacin Indiya dai Bombai ce, kuma babu mai irin hancinta a can. Ban tsaya nan ba. Na ce mutumin da ke gudun asalinsa ya fi ɓarawo muni, in kunyar baƙar fata take ji ta faɗa, ta daina raɓa kanta da masu dogon gashi. Ta miƙo mini rigunan sanyin yarana, ta rufe ƙofa a hankali. Rufewar nan a hankali ta fi zagi ciwo, amma a lokacin gani nake na faɗi gaskiya.

Ran Lahadi abokan maigidan suka zo cin tuwo kamar yadda suka saba, da likita da ɗaliban jami'a da wani mai aikin rediyo. Na ba su labarin ina jiran a ce na yi daidai. Suka fashe da dariya, likitan har miya ta sarƙe shi. Wani ya ce Hajiya ta gano sabuwar ƙasa, wani ya ce karatun tsufa ke nan, rubutu a kan ruwa. Na ce to a gaya mini inda na kuskure. Suka ƙara fashewa, aka koma hirar motocin da za su saya in sun koma gida. Da suka tafi maigidan ya ce tunda na kori mai riƙe yara da bakina, sai in zauna. Ga shi kuma dokar ajin, in ka yi ta fashi, a ba wani kujerarka. Na zauna a gida ina kallon kujerata tana sulluɓewa, girman kai ya hana ni ƙwanƙwasa ƙofar da ke jikin tawa.

Da na ga abin zai ƙare, na goya ƙaramar, na ja hannun babban, muka hau bas har aji. Malam bai kore mu ba, ya ba yaron alli. Bayan an tashi na tambaye shi ina ne Indiya ta Yamma. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko ƙwallon taswirar duniya, ya juya ta nesa da Indiya, ya aza yatsa a kan wasu tsibirai kusa da Amurka. Ya ce wani matuƙin jirgin ruwa na Turawa ne ya ɓata hanya, ya zaci Indiya ya isa, sunan ya bi wurin har yau. Ya ce can aka kai bayi daga yankinmu, da aka hana bauta kuma aka kwaso talakawan Indiya suka ci gaba da saran rake. Matar da na kira mai gudun asali, kakanninta ba gudu suka yi ba, ɗaure su aka yi aka tafi da su, watakila daga ƙofar gidanmu.

Da muka sauka daga bas ana yayyafi, yaron ya gaji yana kuka, sai ga maƙwabciyar a bakin matakala da kayan aiki. Ta sunkuce shi ba tare da ta dube ni ba, ta hau da shi har ƙofata. Tana ajiye shi ta ce ranar aji in kawo su kamar kullum, yara ba su yi mata komai ba, uwarsu ce dai ba ta gama karatu ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin baƙar magana irin ta ranar ba. Na shiga ɗaki na yi sujada, kujerata ta tsira, kuma da ita na gama ajin.

'Yan'uwana mata da suka shiga makaranta da girma, ku yi hattara da shafi ɗaya. Jahilcina bai taɓa cutar da kowa ba, ɗan guntun sanin da na samu shi ya yanki baiwar Allah. Ku kuma masu digiri, wanda ya tambaye ku ba wawa ba ne, ku amsa masa kafin ku yi dariya.

Washegarin ranar yayyafin nan da sassafe na soya mata masa, na tsaya a ƙofar maƙwabciyar ina jiran ta dawo daga aiki. Tana isowa na ajiye kwanon, na durƙusa har ƙasa a kan simintin nan mai sanyi, na ce ba zan tashi ba sai ta ce ta yafe, kuma ta koya mini sunan tsibirinsu da bakinta.