Sawun Baba da Na Yanke

Ni mai buga takardu ce. Shagona yana kusa da tashar mota a Zuru, kwamfuta ɗaya, injin kwafi ɗaya, sai benci. Tsofaffin sojoji su kawo takardar koke, ɗalibai su kawo aikin makaranta, in buga musu. Bidiyo kuwa ban san kansa ba balle gindinsa. Gonar gidanmu ce ta tilasta mini koyo.

Yayana soja ne. Da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, ya zo da wata 'yar kyamarar bidiyo da ba a sa mata kaset, hoton a cikinta yake zama. Ya ce sabon yayi ce, hotonta tangaram kamar mutum na tsaye a gabanka. Babanmu, wanda lokacin ƙafa ta fara gaza masa, ya jujjuya ta a hannu, ya ce gobe da safe a biyo shi da ita gona. Ya zagaye iyakar gonarmu ta wajen Manga kaf, da sandarsa, yana nuna dutse da itace yana bayani da yarenmu na C'lela, yayana na biye da shi. Da hutu ya ƙare yayana ya koma bariki a Kudu, ya bar mini kyamarar, wai ai ni ce mai kwamfuta. Na jefa ta cikin akwati na manta.

Baba ya rasu da rani. Ruwan farko na sauka, ɗan maƙwabcinmu na gona, wanda shi ma tsohonsa bai daɗe da rasuwa ba, ya ja kunyoyinsa ya shige cikin fadamar da Mama ke shuka shinkafa. Fadamar nan ita ce tukunyar Mama. Muka kai ƙara gaban mai gari, ya ba da mako uku, kowa ya zo da shaidarsa. Namu mai shaidar yana kabari, sai abin da ya bari cikin akwatina.

Na jona igiyar kyamarar da kwamfuta. Ta ga fayiloli, na danna, ta ce ba ta san irinsu ba. Na sake dannawa, ta sandare gaba ɗaya. Na ɗauki kyamarar na zaga wurin masu ɗaukar bidiyon biki, su kuma duk da kaset suka saba. Wani daga cikinsu ya miƙo mini ita yana dariya.

"Madam, ki koma kan taifin ɗinki. Wannan ko mu maza sai Legas."

Har na isa shago kunnuwana na zafi. Da ya lallashe ni, wataƙila da na haƙura. Washegari na rufe shago na hau mota zuwa Kontagora, inda aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran kwamfuta. Shi ya ƙara wa tawa ƙwaƙwalwa, ya sa mata manhajar tace bidiyo, ya zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya. Ya ce hoton ya yi wa injina nauyi. In kwashe komai daga kyamarar tukuna, sannan in juya shi zuwa irin wanda kwamfutar za ta iya ɗauka, kada in taɓa ta sai ta gama. Na rubuta kowane mataki a bayan wata tsohuwar takarda.

Juyawar nan ita ce ta kusa kashe ni. Wani ɗan koren layi ne ke rarrafe a allo tun safe har la'asar. Ranar farko ya kusa kai ƙarshe aka ɗauke wuta. Rana ta biyu ma haka, na fito ƙofar shago na yi ta zage-zage har mai aski na kusa da ni ya tausaya, ya ja mini waya daga janaretansa. Rana ta uku layin ya cika. Na danna, sai ga Baba. Ana ganin furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya, da inda Mama ta yi wa hularsa faci. Na kife kai a kan tebur na yi kuka, na daɗi da na rashi a haɗe.

Daga nan kaina ya kumbura. Bidiyon awa guda ne, kuma rabinsa ƙeyar Baba ce da ciyawa, ya yi tafiya, ya yi tari, ya zauna ya huta. Na ce wa zai zauna kallon wannan? Na koyi almakashin manhajar, na shiga yanka. Na bar wuraren da ya tsaya yana nuna alama kawai, na yi rubutu a ƙasa, Dutse na Farko, Ɗorawa, Bakin Rafi. Minti goma cif, tsaf kamar na gidan talabijin. Na aika aka kira kawuna, wan Mama, don ya fara gani ya sa mini albarka.

Ya kalla har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya juyo.

"Ɗiyata, babanki tsuntsu ne?"

"Kamar yaya, Kawu?"

"Ga shi bisa dutse, ƙiftawar ido ga shi gindin ɗorawa. Mi ya kai shi? Ɗorawa nawa ke ƙasar Manga? Yaron nan zai ce ba wannan ba ce, waccan ce, kuma ba mai ƙaryata shi. Iyaka ba dutse ba ce, ɗiyata, hanyar da ƙafa ta bi tsakanin dutse da dutse ita ce iyaka. Ina kika kai sawunsa?"

A sanina, abin da almakashi ya ci ya ciwu. Kuma kyamarar na riga na share ta bayan na kwashe, don na ga ta cika. Saura kwana huɗu a zauna gaban mai gari, ni kuma da hannuna na daddatse shaidar uwata don in burge mutane. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Na ruga wurin masu wayar kuɗi na kira dattijon Kontagora. Ya bar ni na gama koke-kokena, sannan ya ce, "Kwantar da hankalinki. Almakashin kwamfuta ba ya cin asali. Je ki inda kika fara zuba fayilolin ki duba."

Na dawo a guje, zanina a hannu. Bidiyon yana nan. Awa guda cur, ko tari ɗaya bai ɓata ba. Na yi guɗa a cikin shago har mai aski ya leƙo da reza a hannu.

Wannan karon Kawu ya ce sai mun kalla tare daga farko, ba tsallake. Can a tsakiya, a wurin da na fara zubarwa saboda ba komai a cikinsa, Baba ya zauna hutawa a bakin fadama. Hannun yayana ya gaji, kyamarar ta karkace gefe. Kawu ya ce in tsaya. Can nesa akwai wani ɗan ɗigo yana motsi. Na tsayar da hoton na jawo shi kusa, na ƙara jawowa, bai dusashe ba. Tsohon maƙwabcinmu ne da garmarsa, a kan kunyarsa ta ƙarshe, kaɗanya a bayansa, fadamar duka tana ɓangarenmu. Na saki hoton ya ci gaba, na ƙara sauti. Tsohon ya ɗago hannu ya gaida Baba, ya nuna fadamar ya yi masa tsiya, "Ka tsufa, har kana zama a bakin ruwanka kamar kwaɗo."

Na bar bidiyon yadda yake, ban cire ko numfashi ba. Abin da na ƙara kawai shi ne wannan wurin a ƙarshe, a tsaye, an jawo shi kusa. Na zuba a faifai biyu don gudun tsautsayi.

Ranar zama muka ɗauko talabijin daga coci, muka kafa a ƙofar gidan mai gari. Dattawa suka zauna awa guda suna bin Baba da ido, wannan ya ce ga tsamiyar wane, wancan ya ce nan aka taɓa kashe mesa. Abokin shari'armu na tsaye a baya, hannu a ƙirji. Da muryar tsohonsa ta fito tana cewa "bakin ruwanka," sai kowa ya juya ya dube shi. Mai gari bai ma yi dogon jawabi ba. Ya ce matattu biyu sun yi magana, shi wane ne da zai ƙara? Mama ta riƙe hannuna ta matse har ya yi zafi.

Ina naɗe wayoyi, ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi, sai ga abokin shari'armu ya matso. Na gyara tsayuwa, na tanadi baƙar magana. Idonsa ya yi ja.

"Yaya," ya ce a hankali, "ba mu da hoton tsohona ko ɗaya. Za ki iya cire mini shi a takarda?"

Na watsar da baƙar maganar. Na ce ya fara maida kunyoyin inda tsohon nasa ya bar su, sannan ya same ni a shago. Kafin rana ta faɗi ya shigo, laka har gwiwa, garma a kafaɗa. Na riga na buga hoton, yana kan tebur yana jiransa.