Ranar da Na'ura Ta Ƙi Babban Yatsana

Shekarar da aka ce malaman firamare su je a tantance su, ni ko a jikina. Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya a Kakuri, har na fara karɓar 'ya'yan waɗanda na koyar. Wa zai kalle ni ya ce ma'aikaciyar bogi? Dokar dai ita ce ka ɗora yatsa a kan na'ura. In ta gane ka, ka tsira da aikinka. In ta ƙi, a soke sunanka.

Na hau keke napep daga Narayi, na sha kwalliya kamar mai zuwa biki. Da layi ya zo kaina, saurayin da ke gaban kwamfutar ya ce, "Mama, babban yatsa na dama."

Na ɗora, na'ura ta kawo ja. Na sake, ja.

"Mama, danna da kyau mana."

Na danna har tebur ya motsa. Ja dai.

Nan take malaman da ke bayana suka zama likitoci. Wata ta ce in goga yatsan a goshi ya sami maiƙo. Hedimastanmu, wanda bai taɓa rasa ta cewa ba, ya ce a'a, a gefen hanci ake gogawa. Wata 'yar Binuwai ta zaro man shafawa daga jaka. Wani ma cewa ya yi in lasa. Duk na yi, har da lasar, da girmana da komai.

Saurayin ya juya tafin hannuna ya duba. "Kai, Mama! Ai zanen ya goge. Wane irin aiki kike yi da su haka?"

Na kalli yatsan. Wannan yatsan shi ke riƙe alli tun ina budurwa. Shi ke danne hannun yaro a kan fensir har ya iya zagaya harafin "o", shi ke share majina da hawaye a makon farko na shiga makaranta. A gida kuma ga wanki da omo, ga wanke acca har sai yashi ya fita, ga ɓarar agushi. Da shi na riƙa murza wa maigidana man zafi a baya bayan an rufe masaƙar da yake aiki ya koma dako. Da shi na rufe wa mahaifiyata ido.

Sai na ji tsoro na gaske. Ina tsaye da ƙafafuna, mutane suna kirana Malama, amma wani ɗan akwati yana shirin cewa babu ni.

"Bari mu gwada sauran," in ji saurayin. "Ai duka goman aka ɗauka a baya."

Manuni, ja. Na tsakiya, ja. Muka gama da dama muka koma hagu, labarin bai sake ba. Saura ɗaya, ƙaramin yatsan hagu, ɗan hutun nan da bai san komai ba sai sosa kunne da miƙewa sama in ana shan shayi. Ni kaina ban sa masa rai ba.

Na'ura ta kawo kore.

Layi ya kaure da tafi da shewa. Hedimasta ya ce da ma shi ya san haka za a yi. Na yi dariya har ɗankwalina ya zame, wai malalacin cikinsu ne hukuma ta sani.

A keken komawa gida dariyar ta tafi. Na baje hannuwana a cinya ina kallonsu, ga kanta, ga faso, ga farin alli a gindin farce. Ni da ba na wuce mai facin taya ko mai soya ƙosai ban gaishe su da aiki ba, waɗannan da suka ƙarar da zanensu a kaina ban taɓa ce musu uffan ba. Kunya da tausayi suka kama ni.

Na ɗaga babban yatsan na ce, "Sannu da aiki."

Mai keke ya waiwayo ya ce, "Yawwa Mama, sannunmu."

Ban gyara masa ba. Na ga nasa hannuwan a kan kambun keken.