Ranar da Muka Amsa Sallamar Mamaci

Shekarar da aka kawo wa makarantarmu majigi da kwamfutar hannu guda ɗaya tal, ni aka ɗora wa kula da su, don ni ce cikin malamai ba na danna waya kamar mai taɓa garwashi. Firamare ce a wani ƙauye kusa da Sabiyal, ni kuma daga Jega nake zuwa. An tara mu a Aliero an koya mana yadda yaro zai ɗauki hotuna, ya naɗi murya, ya jera su shafi bayan shafi su zama labarin da za a haska a bango. Na dawo ina rawar kai, na ce wa 'yan ajina na biyar kowa zai yi labarin sana'ar gidansu. Da an tashi, sai mai layi ya tafi gida da kwamfutar, ya dawo da ita da safe.

Yawancinsu shirme suka kawo. Wani hoton jakinsu ya cika mana, wata kuma yatsanta ne a kan kowane hoto. Amma akwai wata yarinya shiru-shiru da ke zama kusa da taga, wadda ta bi mahaifinta fadama. Ta ɗauko shi yana dashen albasa, ta ɗauko ruwa yana shiga fangalin shuka, ta ɗauko hannunsa duk laka. A bayan hotunan muryarsa ce. Ya fara da sallama kamar mai shiga zaure, sannan ya yi bayanin iri da dashe da ban ruwa. A shafin ƙarshe aka ji ta tambaye shi ko yana da abin da zai ƙara. Ya yi 'yar dariya, ya kama sunanta cikakke, ya ce, "Ɗiyata ta. Ta hi ni kai. Allah shi yi mata albarka."

Ita ce 'yar farinsa. A gidaje irin nasu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban mutane. "Ke" ce, ko "waccan yarinya". Da muka saurara ni da ita a ofis, ta sunkuyar da kai ta ce mini tunda take ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba sai ranar. Ina jin bawan Allah ya ɗauka malama ce kaɗai za ta ji.

Kafin a cire albasar da ya dasa, zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ba a yi arba'in ba aka sa ranar taron iyaye, har da baƙo daga sashen ilimi. Na ce wa hedimasta a cire labarin yarinyar daga cikin waɗanda za a nuna. Hedimastanmu mutum ne da in baƙo zai zo, ko akuyar makwabta sai ya so ta yi fareti. Ya ce nata ya fi na kowa kyau, wa zai kai wa baƙo hoton jaki? Na ce mutumin nan ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ya ce ai addu'a ma za a yi masa. Na yi ta faɗa har muryata ta tashi, amma shi ne shugaba.

Ranar aka toshe tagogi da tabarmi, aka tayar da janareta. Maza suka cika aji, dattawa a gaba, yara suna leƙe ta ƙofa. Aka nuna na farko da na biyu, ana dariya. Sai hedimasta ya danna nata. Bango ya yi kore da albasa, lasifika ta ce, "Salamu alaikum."

Duk ajin ya amsa. Wallahi har da ni. "Wa alaikumus salam," baki ɗaya, kamar a masallaci. Sai da muka gama amsawa muka tuna wanda muka amsa wa. Tsigar jikina ta tashi. Wani tsoho a gaba ya fara salati yana ja da baya da mazaunansa. Mutumin da waɗannan mutane suka sallata da kansu, ga shi yana koya musu ban ruwa. Babu wanda ya iya motsi ya kashe, har aka kai shafin ƙarshe, ya kama sunan 'yarsa ya yabe ta a gaban duk mazan garin.

Yayan mamacin ya miƙe. Dogo ne. Ya ce, "Mi ƙanena yai muku? Kun tone shi kun kawo majigi, kuna wasa da shi kamar ɗan kama! Abin da yab ɓoye dud da rayuwatai, shi kunka baza a kasuwa. Ku share shi yanzu, ina kallo!"

Na ce, "Baffa, don Allah a kashe kawai, kar a share. Babu wani kwafi sai wannan." Ko kallona bai yi ba. Na juya ga hedimasta, shi kuma baƙo yake kallo, gumi na zuba masa. Mutumin da ya ƙi jin maganata a ofis, yanzu har sauri yake wajen neman inda ake gogewa. Na kai hannu zan fizge kwamfutar, ya juya mini baya. Ya goge labarin, yayan ya ce da muryar, ya bi ta ita ma ya goge, har inda goge-goge ke taruwa sai da ya kwashe. Yarinyar tana bakin ƙofa cikin yara, ban san ko ta gane abin da aka yi ba.

Na kai kwamfutar wajen masu gyaran waya a kasuwar Jega, ko za su iya dawo da abin da aka goge. Suka juya ta, suka jona ta, suka ce sai dai haƙuri. Da hedimasta kuwa na daɗe ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa mu. Yayan ban riƙe shi ba, don kunyar ƙaninsa yake karewa, kuma na san zafin da ya ji.

Yarinyar ba ta zo makaranta ba sai wani mako. Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita, ta zo ta durƙusa gefen teburina. Mahaifiyarta tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida, amma labarin taron ya kai mata.

Ta ce, "Malama, Inna tac ce in gaishe ki. Tac ce in da hali a ara mata abin nan yau kaɗai, ta ji muryar Baba. Ba ta bari kowa shi ji. Da sahe in maido."

Kwamfutar tana kan teburin, tsakanina da ita. Ta riga ta buɗe jakarta ta fitar da ɗankwalin da uwar ta ba ta don ta naɗe ta a ciki.