Motar da na yi wa kwalliya ta faɗa hannun malamin yarana

Shekarun nan ni falken albasa ne, in saya Aliero in kai kudu. Daga Jega har Anacha da Kwatano babu tashar da ban sha shayinta ba, kuma baki gare ni, in na zauna majalisa ba mai tashi. Ina da wata farar mota da duk Jega anka sani, tun ba a ga mai tuƙi ba ake ɗaga mata hannu.

Da tsufa ya kama ta sai ta koma shan baƙin mai kamar kunu, tana tafe hayaƙi na bin ta. Makanikena bai ɓoye mini ba, ya ce injin ya gama. Maiɗakina ta ce in sayar da ita yadda take, in haƙura har albasar ajiya ta yi daraja in sayi wata kuɗɗi hannu. Na ce mata ta tsaya ga tuwonta. Ni musaya nika so, don na ga wata mota 'yar Kwatano wurin wani dillali a Sabon Gari, kuma a musaya iya kyan tsohuwar motarka iya sauƙin cikon da za ka yi. Sai na sa anka ɗura wa injin man giyar mota mai kauri maimakon baƙin mai, hayaƙi ya ɗauke, ƙara ta kwanta, anka wanke injin tas. Dillali ya tada ta, ya kasa kunne, munka tafa. Na ce wa raina ai dillali ne, shi ma haka shika yi wa mutane.

Bayan sati biyu, ranar kasuwa, sai ga wani malami ya same ni rumfa. Kirista ne mutumin Filato, shi ya koyar da yarana kafin a maida shi Maiyama, kuma mun saba da tsokanar juna. Shina murmushi ya ce ya yi ritaya, an ba shi kuɗɗin sallama, zai sayi tsohuwar motata da ya gani wurin dillalin shi riƙa jigilar mutanen ƙauyen Karaye ranar kasuwa. Ya ce ko makanike bai nema ba, tunda tawa ce. Bai biya ba tukuna, ya dai biyo shi ji ko akwai abin da ya kamata shi sani. Wallahi maganar ta zo mini har baki. Amma na tuna in na faɗi, dillali zai maido mini ita, gari ya ji. Sai na ce mai ai motar ta san hanyar Kwatano da kanta, shi dai kada shi bari madam ta koyi tuƙi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tahi ya biya.

Ba ta yi wata ba injin ya buga, tana cike da fasinja da buhunansu. Na yi ta jiran shi zo da faɗa, bai zo ba. Duk sa'ad da na bi ta Maiyama sai in hange ta ƙofar gidansa, kaji na kwana ƙarƙashinta, in kau da kai. Sai da damina ta wuce na iya sallama mai, na faɗi komai. Ya ce ya sani tun ranar da anka kwance injin anka ga man. Bai zo ba don ba shi son yaran da ya koyar su ji wanga abu game da ubansu. Ya ce da na ce mai kawai shi nemo makanike, da ya wadatar. Na sa mata wani injin, ya yi godiya, amma har yau in na ja shi da wasa murmushi kawai shika yi.

'Yan'uwa masu shirin musaya, ku faɗi ciwon motarku, ko ku jira ku saya kuɗɗi hannu. Ni na ɗauka dillali na cuta. Ashe mota ba ta zama wurin dillali, wucewa take yi zuwa ga wani, kuma a gari irin namu wanin nan ya san ka, da sunanka zai saye ta.