Kwarin da Yaya Ya Fi So

Duk wanda jakarsa ta yage a unguwarmu, wurin yayana yake kai ta. Mai Zif ake ce masa, har wasu sun ɗauka da sunan aka haife shi. Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan tashar mota, an raba shi biyu da kanta. Gefe guda kekensa na ɗinki ne da tarin jakunkuna masu jiran gyara, ɗaya gefen kuma ni ce, ƙanwarsa, da zare da maɓallai da alluran da nake sayarwa. Shekara da shekaru muna nan, yana surutu ina tsaki.

Surutun kuwa guda ɗaya ne: hawan dutse da yawon daji. Tun yana saurayi ƙafarsa ba ta zama. Ranar hutu mutane na barci, shi ya cika gora da ruwa ya ɗauki sanda ya ɓace, sai yamma ya dawo da ƙaya a wando da labari cike da baki. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta gaji. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta ma ɓata bakinta ba, wanke wandon kawai take yi.

Da masu yawon dutse suka yi yawa a gari, sai shagonmu ya zama wurin tambaya. Mutum zai kawo jakar goyo a ɗinke masa hannu, ya tafi da shawarar da bai nema ba. Yaya takalmi yake fara dubawa. In ya ga sabo fil, sai ya tura mai shi tudun da ke bayan tankin ruwa, inda ko akuya mai ciki za ta hau. Masu yara yakan ce su bi tsohon layin dogo, akwai inuwa kuma ba a ɓata. Akwai wani dutse mai faɗi a kai da yake aika masu son ɗaukar hoto, yana cewa su ba tafiya suka fito ba, gayu suka kai daji.

Amma wurin da ya fi so, wanda ba kowa yake gaya wa ba, wani kwari ne tsakanin duwatsu biyu, mai ɗan rafi a ƙasa. Ana shiga ta bakinsa na ƙasa, kusa da gonar wani tsohon abokinsa da ake kira Mai Lemo, a yi ta bin rafin zuwa sama. Yakan ce akwai inda in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bangon dama da na hagu, sama kuma ta zama kamar zare. In yana faɗa har ƙafarsa takan tsaya a kan keke. Kuma kullum da doka ɗaya yake rufewa.

“In ka wuce matsatsin nan ka ga ruwa ya fara yin ja, kada ka ce za ka juya, baki ya yi maka nisa. Gaba za ka yi. Akwai ɓaure, a gindinsa duwatsu sun jeru kamar matakala. Ka hau, ka fita.”

Abin da masu sauraro ba su sani ba shi ne, Yaya ya daɗe rabonsa da wurin. Gwiwoyinsa sun gaza tun kafin rasuwar matarsa. Daga gida zuwa shago ma sai ya tsaya ya dafa bango, ya yi kamar yana gyara takalmi. Amma in yana ba da labari, sai ka rantse jiya ya dawo. Na sha gaya masa dutse ma yana tsufa. Yakan ce, “Ke da ba ki taɓa hawa ko tudun shara ba, me kika sani?” Gaskiya ne ban taɓa ba, amma abin yana damuna, kuma ban ɓoye masa ba.

'Yarsa ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya, Uwata yake kiranta. Ita ta gaji yawon, ta kuma auri wanda ya fi ta, wani malamin makaranta da muke ce wa Dogo. Ban taɓa ganin suruki mai son surukinsa kamar Dogo ba. Zai zo shago ya zauna a kan akwati, gwiwoyinsa har kusa da haɓa, yana sauraron labarin da ya ji sau ba adadi kamar yau aka fara. In Yaya ya ce gabas yamma ce, Dogo zai ce shi ma ya lura da haka.

Wata ranar Juma'a a ƙarshen damina suka shigo su biyu, suka ce gobe suna so su shiga kwarin.

“Baba, ruwa bai ɗauke sosai ba fa,” in ji Uwata. “Ko mu bari sai rani?”

“Da rani me za ku gani? Duwatsu kawai. Yanzu ne lokacinsa. Bari in kira Mai Lemo ku ji da kunnenku.”

Wayar Yaya irin mai ƙarar nan ce, ana magana a shago a ji a bakin titi. Mai Lemo ya ɗauka, suka shiga gaisuwa. Tsohon nan in ya fara gaisuwa, sai ya tambayi kowa da komai, har kajin da ba ka da su. Ya gida, ya aiki, ya gwiwa, ya bayan rabuwa. Yaya na amsawa yana mayarwa, a cikin jerin nan ya sako tasa tambayar.

“Ya kwarinmu?”

“Lafiya lau.”

“Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara.”

Daidai nan wata mata ta faɗo shagon da akwati a buɗe, kaya na leƙowa, motarsu na shirin tashi. Yaya ya ce, “To madalla, sai na kira,” ya kashe waya, ya juyo yana murmushi.

“Kun ji ko?”

Na ce, “Yaya, gaisuwa fa ya amsa maka. Wa ka taɓa tambaya ya ruwa ya ce maka ruwa ya yi ɓarna? Ko ɗakinsa ne ya rushe, haka zai fara cewa. Ba ka ma gaya masa yara za su shiga ba.”

“Ke dai ji da maɓallanki. Da da matsala da ya faɗa.”

“Yaushe ka ba shi fili?”

Uwata ta dube ni, ta dubi mijinta. Dogo ya yi dariya ya ce, “Gwaggo, kada ki damu. Ai Baba ya san wurin nan kamar tafin hannunsa.” Yaya ya karɓi jakar Dogo, ya ƙara mata ɗinki a hannu ba tare da an roƙe shi ba, ya sake maimaita musu zancen ɓaure da matakala.

Washegari gari ya waye tas, rana ta fito da ƙarfinta, har na fara jin kunyar bakina. Yaya ya zo shago da wuri yana ta raha, yana lissafa inda suka kai yanzu. Yanzu sun ajiye mota. Yanzu sun cire takalmi za su tsallake rafi. Wajen tsakar rana wata iska mai sanyi ta shigo ta ɗaga labulen ƙofa. Na leƙa waje. A kanmu sama fes take, amma can gefen duwatsu ta yi baƙi ƙirin, ba tsawa ba walƙiya, ta dai tsaya cak.

Na dawo ciki. Shi ma ya gani, domin ya daina lissafin.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Mai Lemo ne, kuma wannan karon ko sallama bai yi ba.

“Na dawo daga kasuwa na tarar da mota a bakin gonata. Iyalina sun ce wasu yara biyu ne, wai kai ka turo su. Gaskiya ne?”

“'Yata ce da mijinta. Ai jiya ka ce lafiya.”



“Gaisuwa muke yi jiya, ɗan'uwa. Ina shirin ba ka labari ka kashe. Mu nan mun daina shiga wurin da damina. Bangon gefen ɓauren nan ya zube tun bara waccan, ya tafi da bishiyar gaba ɗaya. Kuma tun ɗazu ake ruwa a saman duwatsu.”

“Matakalar fa?”

“Wace matakala? Santsi ne kawai yanzu, ko biri ba zai hau ba.”

Yaya ya kira lambar Uwata, ba ta shiga ba. Ya kira ta Dogo, ita ma haka. Shi da bakinsa ya sha yabon wurin da cewa waya ba ta aiki a ciki, mutum ya huta da duniya. Ya yi ta dannawa. Na so in ce ai na faɗa, amma na fasa. Tsoro ya fi ƙarfin haushina. Na ja ƙofar shago, na je tasha na samo wani direba da ya san mu, muka ɗora Yaya a gaba.

Muka kama hanya. Mutumin da ba ya wuce dutse bai gaya maka yadda ake hawansa ba, ya zauna hannuwa a cinya, yana kallon gilashi. Ruwan ya tare mu a rabin hanya, ya yi ta zuba har direba ya rage gudu, sannan ya ɗauke kamar an rufe famfo. Duk ƙaramar gadar da muka hau, ruwan ƙasanta ja ne, ɗauke da itace da ganye.

Tun kafin mu kai gonar muka fara jin ƙarar ruwan. Ba ta yi kama da ta rafi ba, ta fi kama da manyan motoci a jere da ba sa ƙarewa. Motar Dogo na nan a gindin lemo, da rigar sanyinsa a kan kujera. Mutanen ƙauyen sun taru a kan tudu, wasu riƙe da igiyoyi. Wani tsoho ya rabu da su ya nufo mu. Mai Lemo ne. Ya kama hannun Yaya da hannu biyu, ya ja shi a hankali zuwa wata rumfa.

Uwata na zaune a ciki a kan buhu, an lulluɓe ta da zanen wata, gashinta duk laka, tafin hannunta a kwaile. Ta saman dutse suka jawo ta da igiya. Na duba bayanta, na duba gefenta. Ita kaɗai ce.

Yarinyar nan tun da ta iya magana ba ta taɓa ganin ubanta ba ta gaishe shi ba. Ranar ta ɗago kai kawai ta dube shi.

“Da ruwan ya fara ja, na ga wani dutse mai ɗan tudu, na ce masa mu hau mu jira,” ta ce, muryarta a dishe. “Ya ɗora ni a kai. Ya ce amma Baba ya ce gaba. Ya ce bari ya je ya ga matakalar, ya dawo ya tafi da ni.”

Masu igiya suka fara gangarawa, za su bi gefen ruwan zuwa ƙasa su duba. Yaya ya saki hannun Mai Lemo ya bi bayansu. Ya yi ɗan taku a cikin laka, gwiwoyin suka lanƙwashe, ya zube. Na je na kama shi ta hammata, ya ture ni, ya ci gaba da rarrafe yana ce musu su jira shi, shi ya san hanya. Ba wanda ya waiwayo.